Waiwaye: Daga Dandamalin Jim Crow Zuwa Kantin Kayan Kwalliya

A 'yan shekarun nan ana ta buɗe gidajen rawa a biranen New York da Landan masu kwaikwayon na shekarun 1920, da kiɗan jaz da fitilu masu dishi-dishi da tufafi irin na wancan zamani, kuma da wuya a yi irin wannan shagali ba a ambaci Cotton Club, wani shahararren gidan rawa na New York a wancan zamani, a matsayin abin koyi ba. Masu sukar wannan yayi suna cewa an ɗauki kiɗan da adon an bar tarihin da ke ƙarƙashinsu. Tarihin kuwa ya girmi gidan da kusan shekara ɗari, kuma sawunsa ya kai har kan kayan shafa da ake sayarwa a yau.

Wajen 1830 ne wani ɗan wasan kwaikwayo farar fata, Thomas Rice, haifaffen New York, ya yi suna da wani wasa da ya sa wa suna Jim Crow. Kafin ya hau dandamali yakan ƙona toshiyar kwalba wadda ake yi da ɓawon itace, ya niƙe ta, ya kwaɓa, ya shafe fuska da wuya da hannuwa, sa'annan ya zana zagayen bakinsa yadda leɓɓa za su yi kauri fiye da kima. Daga nan sai ya fito cikin tsummoki yana ɗingishi, yana rawa, yana waƙa da gurɓataccen Turanci wai irin na bayi. Wasan ya karɓu har ya kai shi Landan a 1836, kuma a 1843 wata ƙungiya mai suna Virginia Minstrels ta mayar da abin cikakken shirin dare guda a New York. Kafin tsakiyar ƙarnin, babu nishaɗin da ya kai wannan jan jama'a a Amurka.

Surorin da ake nunawa ba su da yawa, maimaita su ne ya ba su ƙarfi. Akwai bawan gandu malalaci wanda kullum yana cikin murna da halin da yake ciki, akwai ɗan birni mai ƙaryar wayewa da ke ɓarar da manyan kalmomi, akwai kuma ƙatuwar baiwa mai raino wadda ba ta da wani buri sai jin daɗin iyayen gidanta. Ana wannan barkwanci ne a lokacin da miliyoyin mutane ke cikin bauta, domin sai a 1865 aka haramta ta, don haka dariyar tana yi wa masu bayi aiki. Frederick Douglass, wanda shi kansa ya tsere daga bauta, ya yi tir da masu wasan a jaridarsa a 1848, yana zargin su da satar launin da ba nasu ba domin neman kuɗi. Daga baya sunan Jim Crow ya bi dokokin wariyar launin fata na kudancin ƙasar, waɗanda ba a rushe su ba sai a 1964 da 1965.

Abin da ya fi ciwo shi ne baƙar fata masu basira su ma sun tarar cewa ba wata ƙofar shiga sana'ar sai wannan. Bert Williams, wanda ya shiga shahararren shirin rawa da barkwanci na Ziegfeld a New York a 1910 kuma ake lissafa shi cikin manyan masu barkwanci na zamaninsa, da baƙin toka a fuska ya yi yawancin aikinsa, ko da yake baƙar fata ne.

Cotton Club ya gaji wannan tunani, ya sa masa kwat da siliki. Zakaran dambe Jack Johnson ne ya fara buɗe wurin a Harlem, unguwar baƙar fata a New York, a 1920, sai wani riƙaƙƙen ɗan daba, Owney Madden, ya karɓe shi a 1923, a zamanin da aka haramta sayar da barasa a Amurka, domin ya sami inda zai sayar da tasa. An ƙawata cikin gidan da surar gandun auduga na kudu da kuma kurmin daji, makaɗa da masu rawa da masu kai abinci baƙar fata ne, amma kujerun na fararen fata ne, in ban da wasu 'yan fitattu ƙalilan da akan ɗaga wa ƙafa. Mutumin Harlem da ke kwana a layin ba shi da ikon shiga ya kalli ɗan'uwansa yana busa. 'Yan matan rawa kuwa sai dogaye, 'yan ƙasa da shekara 21, kuma masu hasken fata, wato an tace launi har a cikin waɗanda aka ɗauka aiki.

Duk da haka, adalci ne a faɗi cewa a wannan gida aka yi kiɗan da ya canja duniya. Makaɗin jaz Duke Ellington ya riƙe dandamalin daga ƙarshen 1927 zuwa 1931, rediyo na watsa wasansa kai tsaye zuwa sassan ƙasar, ko da yake da sunan kiɗan kurmi ake tallata shi, sa'annan Cab Calloway ya gaje shi. Wannan haɗuwa ta gwaninta da ƙasƙanci ita ce ta sa batun ya ƙi mutuwa. Ba kuma a ce haka zamanin yake ba, domin a Harlem ɗin nan aka buɗe Savoy a 1926, inda baƙi da fari ke rawa a fili ɗaya. Bayan tarzomar 1935 Cotton Club ya bar unguwar, ya koma tsakiyar birni, ya rufe a 1940.

Lena Horne, wadda ta shiga sahun 'yan rawar gidan tana da shekara 16, ita ce ta fi nuna yadda maganar ta gangaro kan hoda. Da ta koma Hollywood, kamfanin kayan kwalliya na Max Factor ya haɗa mata launi na musamman domin fuskarta ta fito duhu-duhu a fim, kuma kamar yadda ita da kanta ta sha ba da labari, daga baya wannan launi aka riƙa shafa wa fararen mata domin su fito a matsayin ruwa-biyu, matsayin da ita ta nema aka hana ta.

'Yan kasuwa ba su bar surorin a dandamali ba. Tun a ƙarshen ƙarni na 19 sabulun Pears na Ingila ya yi talla da hoton yaro baƙi da aka wanke ya koma fari. Garin fanke na Aunt Jemima, wanda ya fito a 1889, daga waƙar masu shafa baƙi ya samo sunansa, kuma sai a 2021 aka canja shi. Man goge haƙori na Darkie, wanda aka fara yi a Shanghai a shekarun 1930 da hoton mai baƙar fuska da doguwar hula, ya zama Darlie a 1989 bayan Colgate ya sayi rabin kamfanin, amma sunansa na Sinanci, mai nufin baƙin mutum, ya ci gaba da zama fiye da shekara 30 bayan haka. Wannan bai zama abin mamaki ba idan aka tuna cewa BBC ta ci gaba da nuna shirin masu shafa baƙi a talabijin daga 1958 har zuwa 1978.

A ɗaya ɓangaren, baƙar fata sun daɗe suna yi wa kansu abin da manyan kamfanoni suka ƙi yi musu. Madam C. J. Walker ta yi arziki da man gashi a farkon ƙarni na 20, Eunice Johnson ta kafa Fashion Fair a 1973 saboda masu tallan tufafinta ba sa samun hodar da ta dace da fatarsu, kuma da Rihanna ta fito da Fenty Beauty a 2017 da launi 40, cinikin da ta yi ya sa sauran kamfanoni suka bi sahu cikin gaggawa. A shekarar ce kuma tallar Nivea mai alƙawarin hasken fata ta jawo suka a Ghana da Nijeriya.

Zanga-zangar da ta biyo bayan kisan George Floyd a 2020 ta sa masu saye suka ƙara sa ido, ba kan gwajin kaya a jikin dabbobi kaɗai ba, har da irin hoton da kamfani ke sayar da kayansa da shi. Johnson & Johnson ya daina sayar da wasu mayukan ƙara haske a Asiya da Gabas ta Tsakiya, Unilever kuwa ya canja sunan Fair & Lovely, wanda ya fito a Indiya a 1975, zuwa Glow & Lovely. A ganina matakin farko ya fi na biyu nauyi nesa ba kusa ba, domin man na Unilever yana nan a kanti, masu sayensa kuma sun san abin da suke nema. A Afirka an fi bi ta hanyar doka, inda Kwaddibuwa ta haramta mayukan bilicin a 2015, Ruwanda ta bi baya da kwashe su daga kasuwanni, hukumar NAFDAC ta Nijeriya kuma ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023.