Slow Food da yawon cin abinci a hankali a Italiya

Slow Food suna ne na wata ƙungiya da aka kafa a Italiya, kuma daga baya ya zama sunan wani irin salon rayuwa da tafiye-tafiye, inda mutum zai bar gari da hayaniyarsa ya tafi ƙauye ya yi kwanaki yana cin abin da aka noma a wurin, yana ganin wanda ya noma da wanda ya dafa, ba tare da yana duba agogo ba. Ma'anar sunan dai ita ce abincin da ba a gaggawa a kansa, kishiyar irin wanda ake miƙo maka a takarda ka cinye a tsaye. Tambarinsu ma dodon koɗi ne, wai don ya nuna sannu ba ta hana zuwa.

Yau in ka ji ana tallan irin wannan yawo za ka ɗauka harka ce ta hutu kawai, ta ma'aikacin da ya gaji yake so ya je ya wartsake ya dawo sabo. Amma asalin abin rigima ce. A shekarar 1986 kamfanin McDonald's na Amurka, mai sayar da irin wannan abincin gaggawa, ya buɗe shago a Roma, kusa da dandalin Piazza di Spagna, wurin da mutanen birnin ke ji da shi, sai jama'a suka fito zanga-zanga. Cikin waɗanda abin ya ɓata wa rai akwai Carlo Petrini, ɗan jarida kuma ɗan gwagwarmaya da aka haifa a 1949 a garin Bra da ke yankin Piemonte a arewa maso yammacin ƙasar. A wannan shekarar shi da abokansa suka kafa ƙungiya mai suna Arcigola, ita ce ta rikiɗe ta zama Slow Food, kuma a watan Disambar 1989 wakilai daga ƙasashe 15 suka haɗu a Faris suka sa hannu a takardar manufofinta, wadda marubuci Folco Portinari ya rubuta.

Akwai kuma wani abin da ya faru a 1986 ɗin da ba a cika ambata ba alhali yana da alaƙa da ɓangaren giya. A wannan shekarar aka gano wasu 'yan kasuwa, cikinsu har da na garin Narzole wanda ba shi da nisa da Bra, suna zuba sinadarin metanol a giyar inabi mai arha don ta ƙara ƙarfi, mutum kusan 20 suka mutu, wasu suka makance, kasuwar giyar Italiya a waje ta faɗi warwas. Daga nan ne manoman inabi da yawa suka gane cewa cika ganga da kaya mara kyau ba zai kai su ko'ina ba, suka koma yin kaɗan mai inganci da sunan gona a jikin kwalba. To ka ga tun farko maganar abinci da maganar inabi tare suka taso a wannan yanki, shi ya sa masu yawon suke haɗa su.

Inda aka fi zuwa shi ne tuddan Langhe da Roero da Monferrato na yankin Piemonte, waɗanda UNESCO ta sa gonakin inabinsu a jerin wuraren tarihi na duniya a 2014. Ƙasa ce mai hawa da gangara, kowane tudu da ƙauyensa a kai da hasumiyar coci, layukan inabi a jere kamar an yi wa ƙasar kitso. Da kaka, wajen Oktoba, hazo kan kwanta a kwaruruwa da safe ta yadda kawunan tuddan kaɗai za ka hango, kuma ana cewa sunan inabin Nebbiolo daga kalmar hazo ta Italiyanci ya fito. Da shi ake yin giyar Barolo da ta Barbaresco. Barolo kuwa doka ce sai ta yi aƙalla wata 38 a ajiye kafin a sayar, 18 daga ciki a gangar katako, wato wanda ya tsinke inabinsa bana sai bayan shekara uku da wani abu zai ga kuɗinsa. Baƙon da aka shiga da shi ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai sanyi ya ga gangunan nan jere babu abin da suke yi sai jira, yawanci abin da yake fara taɓa shi ke nan.

Ga Musulmi dai giya haramun ce, wannan ba abin tattaunawa ba ne, kuma a teburin yankin akwai naman alade da yawa, sai mutum ya tambaya kafin ya sa hannu. Sai dai yawon bai tsaya a kwalba ba. Akwai tajarin, wata taliya siririya da ake kwaɓawa da kwaiduwar ƙwai mai yawan gaske a yanka da wuƙa. Akwai bagna cauda, miya ce ta tafarnuwa da man zaitun da ƙananan kifi masu gishiri, ana ajiye ta a ƙaramin kasko da wuta a ƙarƙashi kowa yana tsoma kayan lambu, ba abincin mutum ɗaya ba ne, sai an taru, kuma washegari kowa ya san ka ci. Akwai cuku kala-kala, har garin Bra na yin bikinsa duk bayan shekara biyu tun 1997. Sannan ga farin tartufo na garin Alba, wani dangin naman kaza da ke girma a cikin ƙasa kusa da saiwar bishiya, ba a iya noma shi yadda ake noma sauran abubuwa, sai dai a fita nema da kare mai horo, galibi da dare don kada maƙwabci ya ga wurin. Kilo ɗaya kan kai dubban Yuro, shi ya sa a gidan abinci ake auna shi a ƙaramin sikeli a gabanka kafin a kankare maka 'yan ɓarɓashi a kan taliya.

Masauki yawanci a agriturismo ne, wato gidan gona da ke karɓar baƙi, tsarin da Italiya ta yi wa doka tun 1985 don manomi ya samu ƙarin kuɗin shiga kada ya watsar da gona ya gudu birni. Abincin rana a irin wannan wuri zai iya cin awa uku, ana kawo abu kaɗan-kaɗan, mai gida na zuwa yana ba da labarin kowane, kuma masu zuwa suna cewa kwana biyun farko mutum ƙaiƙayi yake ji, hannunsa na ta komawa waya, sai daga baya jiki ya saki, barci ya daidaita, ya fara jin ɗanɗanon abin da yake taunawa. Wannan shi ne sabuntawar da ake ta magana a kai. Ba magani ba ne fa, ba kuma wanda ya ce zai warkar da cuta, tafiyar ƙasa ce a tsakanin ƙauyuka da zama da mutane a kan abinci da samun lokacin da babu mai kiranka.

Ƙungiyar ta faɗaɗa sosai. A 1996 ta fara baje kolin Salone del Gusto a Turin, da kuma wani kundi da ta kira Jirgin Ɗanɗano, kamar jirgin Annabi Nuhu, inda ake rubuta irin shuka da dabbobi da girke-girken da ke neman ɓacewa. A 1999 magajin garin Greve in Chianti, Paolo Saturnini, ya jawo Bra da Orvieto da Positano suka kafa Cittaslow, haɗakar ƙananan garuruwa da mutanensu ba su kai 50,000 ba. A 2004 aka buɗe jami'ar nazarin abinci a Pollenzo kusa da Bra, aka kuma yi taron Terra Madre na farko da ya tara manoma da makiyaya da masunta daga duniya. Takensu kalma uku ne, abinci ya zama mai daɗi, mai tsabta, kuma an yi adalci ga wanda ya samar da shi.

Sukar da aka fi yi musu ita ce abin ya zama na masu hannu da shuni. Gaskiya akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin uwar da ke aiki biyu ba ta da awa uku na zaman tebur, kuma a ƙauyukan Barolo kuɗin fili ya yi tashin da ɗan manomi ba ya iya saye. An kuma sha samun rahoton yadda ake ƙwarar baƙin haure masu tsinkar inabi a yankin, abin da bai yi kama da adalcin da ake faɗa ba ko kaɗan. Ƙungiyar ta yi ƙoƙarin nuna cewa ba ta Turawa masu ƙoshi ba ce kaɗai, ta ɓullo da shirin lambuna a makarantu da ƙauyukan Afirka wanda ta sa wa burin 10,000, kuma a 2022 Petrini ya sauka daga shugabanci aka zaɓi Edward Mukiibi, masanin noma ɗan Uganda, ya gaje shi.