Saitin da ’yan wasan tebur ke roƙo: me ake nufi da shi?

Da ka ji Bakatsine ya ce “saitin”, abin da zai zo maka a rai shi ne waya ta rikice an kai wa mai gyara, ko an kai mota gareji a daidaita mata ƙafa. To, ’yan watannin nan kalmar ta samu wani masauki a bakin samarin da ke zama su huɗu ko biyar a zaure ko a ɗakin kwanan ɗalibai, da takarda da fensir da ƙwayar lido mai fuska ashirin. Ba su da yawa, amma bakinsu ba ya shiru: ana jiran sabon saitin, kamfani ya ƙi fitar da saitin kaza, da ma a yi saitin ƙasar Hausa. Har maganar ta kai gidan rediyo, inda wani mai gabatar da shirin matasa ya bayyana wa masu sauraro cewa sabon gem ne da za a sauke a waya. Wanda ya bugo bayansa kuma ya ce ai caca ce, tunda akwai ƙwaya a ciki. Dukansu biyu sun faɗi ba daidai ba, amma ba kurensu ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya ba. Na masu wasan ne da kansu.

Wasan dai a taƙaice: mutum ɗaya ke jan zama, yana bayyana inda ake da abin da ke faruwa, sauran kowa ya ɗauki mutum guda ya zama shi, mayaƙi ko ɓarawo ko matsafi. Idan ka ce za ka haura katanga, sai ka jefa ƙwaya a ga ko ka haura ko ka karye. Ba a sa kuɗi, ba mai cinye wani. Wanda ya fi shahara shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974 ta kamfanin TSR. Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, Hasbro kuma ya sayi Wizards a 1999.

Littattafan wasan iri uku ne, kuma a nan ne ake cakuɗawa. Akwai na doka, mai faɗin yadda ake jefa ƙwaya da lissafin sara da suka. Akwai na kasada, wanda labari ne guda da aka shirya wa mai jan zama, da farkonsa da tsakiyarsa da mugun da ke jira a ƙarshe. Sai na uku, littafin saitin, wanda babu doka mai yawa a cikinsa, babu kuma labari guda da za a bi. Duniya ce aka rubuta: taswira, birane, masu mulki da masu son ƙwace mulkin, abin da ake bauta wa, abin da ake saye da sayarwa, waye ke gaba da waye kuma tun yaushe. Gona ce aka share aka yi mata huɗa aka miƙa maka, ba dami ba ne da aka ɗaure aka kawo gida. Greyhawk ta Gygax ta fito da littafinta a 1980. Forgotten Realms, wadda ɗan Kanada Ed Greenwood ya fara ƙirƙira tun yana yaro, ta fito a 1987 kuma ita ce ta mamaye kasuwa har yau. Bayan su aka yi Dark Sun a 1991, duniyar hamada inda tsafi ke ƙone tsirrai, ƙarfe kuma yana da wuyar samu ƙwarai. Al-Qadim a 1992 mai ƙamshin tatsuniyoyin Larabawa. Planescape a 1994. A 2002 kamfanin Wizards ya buɗe gasa, kowa ya aiko da duniyarsa a shafi ɗaya. Sama da 11,000 aka samu, ta Keith Baker ta ci, aka buga ta a 2004 da sunan Eberron.

Tun da aka fara wannan sana’a masu wasa ke roƙo. Kowa da duniyar da ya taso da ita, yana so a dawo da ita a sabuwar doka. Bugu na biyar na dokar wasan da ya fito a 2014 ya dawo da Spelljammer a 2022 da Planescape a 2023, amma ya cika shekara 10 ba tare da littafin Dark Sun ba, masoyanta na ta ƙorafi. Wannan roƙon ne ya iso wa yaranmu, suka ɗauka, suka juya shi zuwa gida. Kuma ina tare da su a nan. Inda muka rabu shi ne abin da suke roƙon.

Tambayi kowane daga cikinsu wane saitin yake so, amsar kusan ɗaya ce: na Bayajidda. Ƙanena ma haka ya ce mini, “Yaya, ka duba fa, ɗan sarki daga Bagadaza, ga doki, ga wuƙar maƙeran Gaya, ga maciji a rijiya, me ya rage?” Abin da ya rage shi ne komai. Abin da ya lissafa labari ne, kuma labarin da ya riga ya ƙare. An kashe macijin, an auri Daurama, an haifi Bawo, ’ya’yansa shida sun watsu, aka haɗa da Biram aka samu Hausa Bakwai. Idan ka zaunar da mutum biyar a tebur ka ce su buga wannan, ɗaya zai zama Bayajidda, huɗu su riƙe masa linzami. Kuma ƙwayar ba ta da amfani, domin kowa ya san macijin ba zai ci ba. Mafi yawan abin da za a iya yi da shi shi ne littafin kasada na zama biyu ko uku.

Amma a koma Daura shekara guda kafin baƙon ya iso, a duba abin da labarin ya faɗa a gurguje ya wuce. Gari ne mai sarauniya. Rijiya ce guda, Kusugu, da maciji mai suna Sarki a ciki, ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma’a. Shi ke nan abin da ruwayar ta bayar, kuma marubucin saitin daga nan aikinsa ke farawa. Garin da ke samun ruwa rana ɗaya cikin bakwai, ya ake rayuwa a cikinsa? Dole randuna su yi tsada, maginan tukwane su zama masu faɗa a ji. Dole a samu layi ranar Juma’a, kuma duk inda aka samu layi akwai mai tsara shi, akwai mai sayar da gurbi, akwai gidan da ba ya bin layi. Dole a samu masu ɗauko ruwa daga nesa a kan jakai su sayar ranar Talata da Laraba lokacin da randa ta yi ƙasa, kuma waɗannan ba za su yi murna da mutuwar maciji ba ko kaɗan. Wa ya gano cewa Juma’a ce ranar? Wa ke kai wa macijin abin da ake kai masa, idan ana kaiwa, kuma me yake samu a fada saboda wannan aiki? Masu rini da majema, da sana’arsu ba ta yiwuwa sai da ruwa, ina suka koma? Tsohuwa Ayana da ta sauki baƙo cikin dare ba ta da ruwan da za ta ba dokinsa, baƙi nawa ta sauka kafin shi, kuma ina suka ƙare? A wata ruwayar an ce da gari ya waye aka aiki manyan fada su dubo ko da gaske macijin ya mutu, wani ya ji tsoro ya tsaya nesa, wani ya matsa ya taɓa. To ga gaba tsakanin gidaje biyu da za ta iya ciyar da tebur shekara guda.

Wannan shi ne saitin. Babu jarumi a cikinsa, domin gurbin jarumi na masu wasa ne. Za su iya kashe macijin, za su iya yi masa aiki, za su iya haƙa wata rijiya a ɓoye su jawo wa kansu fushin masu jakai. Littafin da ya faɗa musu wanne za su yi ya daina zama saitin. Ni a ganina marubucin saitin nagari mutum ne mai iya kunna wuta goma ya tafi bai kashe ko ɗaya ba, kuma yawancin marubutanmu, da suka taso a kan littattafan da dole a ɗaura aure a shafin ƙarshe, wannan haƙurin ne zai fi ba su wuya.

Da ni za a tambaya ma, Katsina ta ƙarni na 18 zan zaɓa, ba don ni ɗan gari ba ne kawai. Birni ne mai ganuwa da ƙofofi, Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Marusa, Ƙofar ’Yanɗaka, Ƙofar Ƙwaya, kowace da hanyar da take kallo da irin mutanen da ke shigowa ta cikinta. Ayarin raƙuma na saukowa daga Agadas da gishirin Bilma, fatake na dawowa daga Gwanja da goro, kowane ayari da madugunsa da jagabansa. Ga masu zaɓen sarki irin su Galadima da Ƙaura da Durɓi da ’Yanɗaka, kowa da gidansa da muradinsa. Ga Kano a kudu ana kishin kasuwa da ita bayan tsofaffin yaƙe-yaƙe, ga Gobir a arewa maso yamma tana ƙara ƙarfi. Ga hasumiyar Gobarau da malamai da almajirai, ga kaburburan Durɓi Takusheyi can wajen Mani ga mai son haƙe-haƙe, ga takobin Gajere da labarin kokawar Korau da Sanau a bayansa. Kuma mai karatu ya san abin da mutanen cikin littafin ba su sani ba, cewa jihadi na tafe a farkon ƙarni na gaba, gidan sarautar zai koma Maraɗi. Babin da na fi ɗokin gani a irin wannan littafi ba na dodanni ba ne. Jadawalin farashi ne: wuri nawa ne kwana a zango, nawa ake ba mai ƙofa, nawa dillali ke cira, nawa ne lifidi, nawa ne sulke.

An taɓa gwada Afirka a wannan fage. Nyambe ta fito a 2002 daga Atlas Games. Paizo, masu wasan Pathfinder, sun fitar da littafin Mwangi Expanse a 2021, kuma sun sa marubuta baƙar fata da yawa a aikin, abin da ya fito fili a ingancinsa. Amma tsohuwar al’adar kamfanonin ita ce Afirka kurmi ce: Chult ta Forgotten Realms daji ne mai duhu da manyan ƙadangarun zamanin da, wurin da baƙo ke zuwa ya kwashi dukiya ya koma. Ƙasar dawaki da ganuwa da alƙalai da marina da takardun bashi ba ta cika samun wuri ba.

Akwai abu biyu da masu roƙon ke tsallakewa, kuma nan ne gizo ke saƙa. Na farko addini. Dokar wasan ta ginu ne a kan alloli barkatai da malamin da ke karɓar siddabaru daga abin bautarsa, kuma duk abin da ya shiga littafi sai an ba shi lamba, ƙarfinsa kaza, jininsa kaza. Wanda zai rubuta Katsina dole ya yanke shawara tun shafin farko a kan abin da ba za a sa wa lamba ba. Ba na son ganin waliyyan Katsina irin su Ɗanmarina ko Ɗanmasani da jadawalin ƙarfi a gefen sunansu, kuma ba na jin akwai iyayen da za su bar littafi irin wannan ya kwana a gidansu. Dodo da Gizo da ’yan tauri da maharba da bokan ƙauye sun ishi kowane tebur, iskokin bori kuma magana ce da sai an zauna da waɗanda suka san ta. Na biyu bauta. Ita ce babban abin da ya sa ake ɗari-ɗari da Dark Sun, kuma duk wanda ya rubuta kasuwar birnin Hausa ta wancan ƙarni ya cire bayi daga cikinta ya yi wa tarihi ƙarya. Wanda kuma ya mai da su kaya a jadawalin farashin da nake ɗoki ya yi abin da ya fi ƙaryar muni. Dole su shigo a matsayin mutane masu suna da dangi da dabara, waɗanda mai wasa zai iya zama ɗaya daga cikinsu.

Sai maganar wa ake roƙo. Yaranmu na magana kamar akwai wani ofishi a Amurka da zai tashi wata rana ya tuna da Daura. Tun shekarar 2000 akwai lasisin da ya ba kowa damar buga littafi a kan dokar wasan. A Janairun 2023 kamfanin ya yi yunƙurin sauya shi, masu wasa suka yi masa ca, ya ja da baya, har ya saki ginshiƙin dokar bugu na biyar a ƙarƙashin Creative Commons, lasisin da ba a iya janyewa. Ma’ana ɗalibin tarihi a Jami’ar Umaru Musa ’Yar’aduwa da abokinsa mai zane za su iya rubuta nasu da Hausa, su sayar, muddin sun rubuta ’yar sanarwar da lasisin ya nema kuma ba su ɗauki sunaye da duniyoyin kamfanin ba. Unguwa guda da ƙofa guda da gidaje uku masu gaba da juna sun isa shafi 30 na farko.