Waiwaye: Bashin Dimokuraɗiyya a Poland da Matasan da Suka Gaje Shi

A watan Disamban 1981 Janar Jaruzelski ya kafa dokar soja a Poland, ya kuma tsare shugabannin Solidarność, ƙungiyar ƙwadagon da aka kafa a 1980 bayan yajin aikin maƙera jiragen ruwa na Gdańsk, wadda mambobinta suka kusan kai miliyan 10. Waɗanda suka tsira daga kamu sun koma aiki a ɓoye, suna buga jaridu da dare a cikin gidaje, da na'urori da tawadar da ƙungiyoyin ƙwadagon Amurka da na Yammacin Turai ke shigo musu da su ta bayan fage. Sa'ad da mulkin gurguzu ya sassauta aka yi zaɓen 4 ga Yunin 1989, Solidarność ta lashe kujeru 99 cikin 100 na majalisar dattawa.

Mutanen da suka hau mulki bayan nan ba su manta da wannan halacci ba, shi ya sa suka ɗauki taimakon masu fafutuka a ƙetare tamkar biyan bashi. A Warsaw aka kafa gamayyar ƙasashe masu bin dimokuraɗiyya a 2000, Shugaban Poland Kwaśniewski ya shiga tsakani a rikicin zaɓen Yukren na 2004, a 2007 kuma aka buɗe tashar Belsat domin 'yan Belarus su sami labarin da gwamnatin Lukashenko ba ta tace ba.

Sai dai wanda aka haifa bayan 1989 bai taɓa tsayawa layin nama da katin rabo a hannu kamar a zamanin gurguzu ba. Abin da ya buɗe ido ya gani shi ne rashin aikin yi da ya kai kusan kashi 20 cikin 100 a farkon shekarun 2000, da yayyensa da suka kwarara Ingila neman aiki bayan shiga Tarayyar Turai a 2004, da jam'iyyun manyan 'yan siyasar ƙasar biyu, Tusk da Kaczyński, suna ta karɓa-karɓar mulki tun 2005. A ganina kuskure ne a ce waɗannan matasa sun juya wa dimokuraɗiyya baya. A zaɓen Oktoban 2023 kashi 74 cikin 100 na masu zaɓe ne suka fito, adadin da ko a 1989 ba a kai ba, matasa kuwa sun fito ƙwansu da ƙwarƙwatarsu. A unguwar Jagodno ta birnin Wrocław an yi ta tsayuwa a layi cikin sanyi har kusan ƙarfe uku na dare.

Abin da ya raunana shi ne jin nauyin bashin nan. A zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa na 2025, 'yan ƙasa da shekara 30 sun fi zaɓar Sławomir Mentzen, mai ra'ayin a fara gyara gida kafin a leƙa waje. Kafin zagaye na biyu, Karol Nawrocki, wanda a ƙarshe ya yi nasara, ya sa hannu kan sharuɗɗan Mentzen, ciki har da alkawarin cewa ba zai amince da shigar Yukren ƙungiyar NATO ba.