WCBS-FM

WCBS-FM tashar rediyo ce ta kasuwanci a birnin New York na ƙasar Amurka, ana kama ta a kan mita 101.1 a zangon FM. Ta yi suna ne wajen sanya tsofaffin waƙoƙin da suka yi tashe a zamaninsu. Eriyarta tana saman ginin Empire State, kuma kamfanin Audacy ne ke da ita yanzu.

Kamfanin CBS ne ya buɗe ta a 1941 da sunan W67NY, aka sauya mata suna zuwa WCBS-FM a 1946. Ta daɗe ba ta da abin kanta, galibi shirye-shiryen tashar AM ta kamfanin take maimaitawa. Ranar 7 ga Yuli, 1972 ta koma tsofaffin waƙoƙi, galibi na shekarun 1950 da 1960, nan ne ta samu karɓuwa.

Masu gabatarwa su ne ƙarfinta. Ta ɗauko mutanen da suka yi fice a tashar WABC, kamar Harry Harrison da ya riƙe shirin safe daga 1980 zuwa 2003, da Bruce Morrow da aka fi sani da Cousin Brucie, da Ron Lundy da Dan Ingram. Wanda ya ji muryoyin nan yana saurayi, ga shi yana jin su yana magidanci a cikin mota, da waƙoƙin da ya haddace tun da can.

Ranar 3 ga Yuni, 2005, ba zato ba tsammani, aka sallami masu gabatarwa, aka kawo tsarin Jack FM, inda waƙoƙi ke bin juna babu mai magana kai tsaye. Dalilin kuɗi ne: masu sauraro sun manyanta, masu talla kuwa 'yan shekara 25 zuwa 54 suke nema. Lissafin bai fita ba. Jama'a suka yi ca, masu sauraro suka ragu, kuɗin talla ya bi su.

Aka dawo da tsohon tsarin ranar 12 ga Yuli, 2007, da ƙarfe 1:01 na rana, don ya dace da lambar mitar. Sai dai an matso da shekarun gaba. Waƙoƙin shekarun 1950 aka fara cirewa, na 1960 suka bi baya a hankali, yau na shekarun 1980 ne suka fi yawa. Scott Shannon ya riƙe shirin safe daga 2014 zuwa ƙarshen 2022.