Takunkumi ga Mai Tari, Dubiya Daga Bakin Ƙofa

Hunturu ya kama, kuma duk mai aiki a ƙaramin asibiti a Zamfara ya san abin da ke biyo bayansa. Tun da sassafe benci zai cika da masu mura, masu tari, da yara masu masassara da jan ido. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne gida-gida suke zuwa. Yau a kawo ɗan auta, bayan kwana goma ko sha biyu a kawo wansa da 'yar abokiyar zaman uwarsa, kafin wata ya ƙare a ɗauko kakarsu a kan kabu-kabu tana numfashi sama-sama. In ka bi diddigi za ka tarar ɗaki ɗaya suke kwana, moɗa ɗaya suke shan ruwa da ita, kuma ranar da yaron farko ya kwanta mata sun cika ɗakin da dubiya, kowace da goyonta.

Mura, ƙyanda da wasu ke kira baƙon dauro, da korona, duk ta numfashi suke bi. Mai ɗauke da cutar in ya yi tari ko atishawa, kai ko magana ma, yana fesar da ɗigon yawu da majina. Masu nauyin suna faɗuwa nan kusa, a kan tabarma ko kwano ko fuskar wanda ke gabansa. Ƙananan da ido ba ya gani kuwa suna tsayawa a iska. Matan gida sun san turaren wuta: in aka kunna shi a ɗaki aka saki labule, ko an fitar da kaskon, wanda ya shigo daga baya sai ya shaƙa. Haka numfashin mara lafiya yake zama a rufaffen ɗaki, sai dai shi ba ya da ƙamshin da zai sanar da kai. Ƙwayar ƙyanda tana iya kai awa 2 a iska bayan mai ita ya fita, kuma cikin mutum 10 marasa rigakafi da suka zauna da shi, 9 na iya kamuwa.

Da sanyi kuma mu da kanmu muke gyara mata wurin zama. A toshe taga da tsumma ko kwali, a ja ƙofa, a shigo da kaskon garwashi, gida guda ya kwana a ciki. Ga halin da rashin tsaro ya jefa mu. Gidaje da yawa a Gusau, Anka, Talata Mafara da Ƙaura Namoda sun karɓi dangin da suka baro ƙauyukansu, ɗakin mutum uku ya koma na goma, kuma da yawa cikin yaran da aka zo da su allurar rigakafi ta wuce su, saboda ma'aikata ba su iya kaiwa garuruwansu. Mun ga abin da cunkoso ke yi a lokacin sanƙarau na 2017, wanda ya faro daga jihar nan a ƙarshen 2016, ya kashe fiye da mutum 1,100 a faɗin ƙasa. Ƙwayarsa wani iri ce daban, amma ita ma kusanci da numfashi ne hanyarta.

Na san da zarar an ambaci takunkumi wani zai ce, "Malama, ai korona ta wuce, kuma mu nan wa yag gane ta?" An tabbatar da ita a Legas ranar 27 ga Fabrairun 2020. A watan Afrilun shekarar ta yi ajalin Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa. Ita ce ta hana maniyyatanmu zuwa aikin Hajji a 2020 da 2021, kuma kowa ya san wani da ya biya kuɗin kujera ya zauna jira. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar ranar 5 ga Mayun 2023 shi ne ƙarshen halin ko-ta-kwana, ƙwayar kuwa tana nan tana yawo. Wanda bai yarda da korona ba, ai ya yarda da ƙyanda, don ya ga yaron da ta ci wa ido ko ta ɗauke. Kariyar da nake magana a kai duk ta shafe su.

'Yan kabu-kabu da masu facin taya suna sa takunkumi da hunturu saboda ƙura, ba mai yi musu dariya. Amma wanda ya fi kowa cancantar sa shi, shi ne mai tarin, domin a bakinsa ake tare abin kafin ya bazu. Bayansa sai mai jinyarsa. Sai kuma tsofaffi, masu ciki, masu ciwon suga, hawan jini ko asma, duk lokacin da za su shiga cunkoso. Ku tuna motar kasuwar Shinkafi ranar Alhamis: an danne mutane kafaɗa da kafaɗa, an ɗaga gilasai saboda sanyi, wani na tari a kujerar baya har a isa. A irin wannan wuri takunkumi yake biyan kuɗinsa, kuma a roƙi direba ya sauke gilashi ko kaɗan ne.

Yadda ake sa shi ma abin dubawa ne. Kullum ina ganin mutum ya shigo asibiti takunkumi na rataye a haɓa, ko ya rufe baki hanci na waje. In zai yi atishawa sai ya janye shi ƙasa, ya gama ya mayar, alhali don wannan atishawar aka sa shi. Irin na asibiti, ɓangaren mai launi ne waje, gefen da ke da 'yar waya ne sama. A matse wayar ta kama karan hanci, a ja ƙasan ya rufe haɓa. In za a cire, a kama igiyar kunne, kada a taɓa gaban, sannan a wanke hannu. Ba a wanke irin wannan a sake sawa, kuma da ya jiƙe da numfashi ya gama aiki. Wanda kuɗin saye kullum zai yi wa nauyi, tela zai ɗinka masa na yadi mai ninki 3. A yi guda biyu, ana sa ɗaya ana wanke ɗaya da sabulu da ruwan zafi a shanya a rana. Ba a aron takunkumi, ko tsakanin miji da mata. Gefen hijabi, niƙabi ko amawalin rawani sun fi babu, amma yadinsu shara-shara ne kuma iska na fita ta ƙasa, don haka a sa takunkumin a ciki. Masu tsoron zai hana su numfashi su dubi ma'aikatan ɗakin tiyata, da shi suke wuni suna aiki. Sai dai kada a taɓa sa wa yaron da bai kai shekara 2 ba, ba a kuma tilasta wa ɗan shekara 5 zuwa ƙasa. Wanda numfashi ke yi wa wuya ko ya fita hayyacinsa, shi ma ba a rufe masa fuska.

Killacewa ita ce mai wuyar. Mutane na jin ta sai su tuna motar asibiti da ma'aikata cikin fararen kaya, su ɗauka za a raba su da nasu. Mafi yawan masu mura da ƙyanda marar tsanani a gida ake jinyarsu. Abin da ake so shi ne a rage yawan masu shaƙar numfashin mara lafiya.

In akwai ɗakin da za a ware, a zaɓi mai taga. In babu, a duba zaure, shagon samari ko rumfa. In duk babu, a kai shimfiɗarsa bakin taga, a bar tazarar aƙalla mita ɗaya, wato babban taku guda, tsakaninsa da na kusa, masu kwana kusa da shi kuma su juya kai zuwa wajen ƙafafunsa. Da rana ta fito a buɗe ƙofa da taga, a ɗage labule, a fito da shi tsakar gida ya sha hantsi. Iskar waje tana watsa ƙwayar, ɗakin kuma ya samu ya sha iska. Da dare a ƙara bargo maimakon toshe taga, kaskon garwashi kuma a bar shi waje, don hayaƙinsa kaɗai yana kisa a rufaffen ɗaki. A ware masa kofi, cokali, kwano da buta. Kaki da majina a gwangwani mai toka da murfi, a juye a masai. Wanke hannu da sabulu, wani na zuba ruwa daga buta, ba a kwano ɗaya da kowa ke tsoma hannu ba.

Mai jinya ta zama mutum ɗaya. A nan ne nake roƙon iyayenmu mata su yi mana haƙuri. A al'adarmu yaro na kwantawa kaka ce ke ɗauke shi ta kai ɗakinta, don uwar ta samu ta yi girki. Ƙauna ce, amma tsohuwa ita ce wadda mura ke sauka wa a ƙirji ta zama ciwon huhu. Mai ciki ma ba ta jinyar ƙyanda, haka mai goyon da bai kai wata 9 ba, tunda bai isa karɓar allurar ba. In uwa mai shayarwa ce ta kamu, kada a cire yaro daga nono. Ta wanke hannu, ta sa takunkumi, ta ba shi.

Kwana nawa? Mai ƙyanda yana yaɗa ta tun kwana 4 kafin ƙuraje su fito har kwana 4 bayan fitowarsu, shi ya sa yaro mai masassara da jan ido da yoyon hanci ba a jiran ƙuraje kafin a raba shi da sauran. Mai korona kwana 10 daga ranar da ya fara jin ciwo. Mura ta fi yaɗuwa a kwana 3 zuwa 4 na farko, mai ita ya zauna har sai ya yi wuni da kwana ba masassara ba tare da ya sha maganin sauke ta ba. A cikin waɗannan kwanaki ba boko, ba islamiyya, ba makarantar allo, ba gidan suna.

Dubiya haƙƙin Musulmi ne a kan ɗan'uwansa, ba kuma wanda ya ce a daina. Malamanmu sun karantar da mu cewa Manzon Allah (SAW) ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya gangarar da su cikin masu lafiya, ya kuma ce in annoba ta faɗa wa gari kada na waje ya shiga, kada na ciki ya fita. Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham da ya ji annoba, da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya ce daga ƙaddarar Allah yake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Saboda haka a zo dubiya, a tsaya bakin ƙofa, a yi sannu, a yi addu'a, a ajiye kunun da aka kawo. A bar goyo a gida. Wanda ke nesa ya buga waya. Mara lafiya na buƙatar jin muryar mutanensa, kada a rufe shi a manta da shi kamar mai laifi.

Amma fa matar gida ba za ta iya tsayar da uwar mijinta a bakin ƙofa ba, kowa ya san haka. Wannan aikin maigida ne. Shi zai tari mahaifiyarsa ya ce, "Inna, don Allah ki dakata daga nan, ciwon na kamun manya, ke muke ji wa tsoro." Shi zai gaya wa maƙwabta a zaure. Shi ma in ya kamu ya yi sallarsa a gida, rashin lafiya uzuri ne da shari'a ta sani, ya fi ya shiga sahu yana tari a kafaɗar dattawa.

Akwai wanda in bai fita ba ba za a ɗora tukunya ba. Ban ga amfanin ce wa ɗan dako ko mai tura ruwa ya zauna kwana 10 ba tare da an faɗi abin da iyalinsa za su ci ba. Kwanon dawa ko gero daga dangi da maƙwabta a irin wannan lokaci shi ne dubiyar da ta fi amfani, kuma mai unguwa da liman na iya tsayawa a kai. In ya zama dole ya fita, ya sa takunkumi, ya tsaya a sarari, ya guji shiga shaguna da majalisa.

Jinyar gida tana da iyaka. A ƙirga numfashin yaro na minti ɗaya yana kwance shiru: in ya kai 60 ga jaririn da bai cika wata 2 ba, 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, a taho asibiti. Haka in ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki in ya ja numfashi, ko ya ƙi nono, ko yana amayar da komai, ko jijjiga, ko barcin da ba a iya tashinsa. Babba kuma in numfashi ya gagara, ƙirji na ciwo, ko ya fara ruɗewa. Tarin da ya wuce mako 2 a zo a gwada kaki, gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne. Kada a sayi kafso a kemis don mura ko ƙyanda, ba ya kashe irin wannan ƙwaya, kuma ba a ba yaro asfirin. Maganar cewa in an kai mai ƙyanda asibiti ƙurajen za su koma ciki ba ta da tushe. Sinadarin bitamin A da muke ba shi yana kare masa ido yana kuma rage haɗarin mutuwa. Allurar rigakafin ƙyanda kyauta ce, a wata 9 da wata 15, yaron da ta wuce shi kuma a kawo shi ko ya girmi haka.

In za ku kawo yaro mai masassara da ƙuraje, kada ku zauna da shi a benci cikin jarirai masu jiran awo. Ku tsaya daga waje ku aika a kira ma'aikaci, za mu fito mu duba shi. In kuma kun ga gidaje biyu ko uku a unguwa sun kwanta da ciwo iri ɗaya, ku sanar da asibitin da ya fi kusa ko mai unguwa a ranar, ko ku kira lambar hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, wato NCDC, 6232, kyauta ce.