Me ya sa mai tsiren da ke da layi yake ƙara samun layi? Tambayoyi kan halin ɗan Adam a kasuwa

Waɗannan tambayoyi sun sha tasowa a teburin mai shayi a Agege da Idi-Araba, unguwannin Legas. Abin da na lura shi ne, yawancin abin da masana suka auna a jami'o'in Amurka, 'yan gwari na kasuwar Mile 12 sun daɗe suna cin abinci da shi.

Me ya sa mai kaya ke fara faɗin kuɗin da shi kansa ya san ba za a biya ba?

Saboda lambar farko da ta shiga kunne turke ce, ciniki kuma a kewayenta zai yi ta zagaye. A ce ka fito gida da niyyar sayen kwandon tumatir dubu talatin, mai kaya ya ce sittin. Sai talatin ɗin ta yi maka nauyi a baki, ka taya arba'in. Ya ce albarka. Kuka daidaita a arba'in da biyar, ka tafi kana murna ka rage sha biyar, alhali sha biyar ka ƙara a kan niyyarka.

A 1974 masana halin ɗan Adam Amos Tversky da Daniel Kahneman sun wallafa wani gwaji a kan haka. Suka juya wa mutane wani faifai mai lambobi, ya tsaya wa wasu a 10, wasu a 65. Sannan suka tambaye su: kashi nawa cikin ɗari na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne na Afirka? Waɗanda suka ga 10 amsarsu ta faɗa wajen 25, waɗanda suka ga 65 kuwa wajen 45. Lambar ba ta da wata alaƙa da tambayar, a gabansu aka juya faifan, amma ta ja su. Kahneman ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2002.

A kasuwar dabbobi kuwa, kamar ta Abbatuwa a Oko-Oba, dillali ne zai ce maka, "Taya mana, Alhaji." Saninka yake aunawa. In ka taya sama, da hannunka ka kafa turken da za a ɗaure ka.

Ga masu tsire biyu a Obalende, nama iri ɗaya. Me ya sa kowa ke bin mai cunkoso?

Wanda bai san wuri ba, idon jama'a yake aro. Stanley Milgram da abokan aikinsa sun gwada wannan a wani titi a New York, suka wallafa a 1969. Mutum ɗaya ya tsaya yana kallon sama, sai kimanin kashi 40 cikin ɗari na masu wucewa suka ɗaga kai. Da aka mai da su mutum 15, fiye da kashi 80 suka ɗaga, da yawa ma suka ja suka tsaya. Direban danfo ya san wannan ba tare da ya ji sunan Milgram ba. Shi ya sa a wasu tashoshi za ka shiga mota ka tarar da mutum huɗu a zaune, ka saki jiki ta kusa cika, sai ka ga suna sulalewa ɗaya bayan ɗaya.

Ɗanɗano da gyara ba asara ba ce ga mai sayarwa?

Ko kusa. Wanda aka miƙa wa yanka ɗaya a bakin wuƙa ya dangwala a yaji, ya ci bashi ne, kuma da wuya ya juya ya tafi hannu rabbana. Wani bincike da aka wallafa a 2002 kan gidan cin abinci a Amurka ya nuna cewa in ma'aikaci ya kawo alawa ɗaya tare da takardar kuɗi, tukwicinsa na ƙaruwa da kusan kashi 3. In biyu ce, kusan kashi 14. In kuwa ya ba da ɗaya, ya yi kamar zai tafi, sai ya juyo ya ƙara ta biyun, ƙarin ya kai kusan kashi 21. Alawar dai biyu ce, yadda aka ba da ita ne ya bambanta.

Ka lura da gwanin mai tsire. Zai yanka, ya zuba albasa, ya fara naɗe takarda. Sai ya dube ka, ya warware, ya jefa yanka biyu ya ce, "Wannan naka ne, maigida." Da ya haɗa su tun farko, ba za ka ma san an yi maka gyara ba.

To farashin 4,999 fa, wa ake ruɗa?

Ido. Lambar hagu yake fara kamawa, sai kaya su zauna a "dubu huɗu da wani abu". Abin dariyar, naira ɗayan nan babu mai ba ka canjinta a Legas.

Yawan kaya a shago ba shi ke kawo ciniki ba?

Yana kawo masu kallo. A binciken Sheena Iyengar da Mark Lepper na shekarar 2000, an baje jam ɗin shafa wa burodi kala 24 a wani kanti a Kalifoniya, wani lokacin kuma kala 6. Babban teburin ya fi tara mutane, amma kashi 3 kawai suka saya, ƙaramin kuwa kashi 30. Gwaje-gwajen baya ba duka suka ba da irin wannan sakamako ba, don wanda ya san abin da ya zo nema yawa ba ya rikita shi. Sai dai mai atamfa a Balogun da ya ga Hajiya ta fara "kai, duk sun yi kyau", ya san lokaci ya yi da zai ture sauran ya bar mata turmi uku a gaba.

Dabarar kasuwanci baiwa ce, ko ana koyonta?

Ni dai na fi ganin ta a wajen masu sake wa matsala tambaya. Lokacin da Cowbell ta shigo Najeriya a 1993, madarar gari a gwangwani take, sai mai hali. Maimakon neman yadda talaka zai iya sayen gwangwani, suka ƙulla ta a 'yar leda daidai kuɗin da ke aljihunsa yau. Yanzu omo, man goge baki, tumatirin leda, duk hanyar suka bi. Haka Spencer Silver na kamfanin 3M ya haɗa gam a 1968, ya fito ba ƙarfi. Shekaru yana ajiye, har abokin aikinsa Art Fry ya ga cewa gam da ke ɓantaruwa ba tare da yaga takarda ba shi ma haja ne. Daga nan Post-it, 'yar takardar rubutu da ake mannawa a ɓantare, ta fito kasuwa a 1980.

Akwai kuma binciken Jami'ar Stanford na 2014, da ya gano cewa mutane kan fito da sababbin dabaru fiye da na zaune da kusan kashi 60 idan suna tafiya a ƙasa. Na faɗa wa wani abokina ɗan canji wannan ran da gosulo ya sa muka sauka a Oshodi muka kama sayyada. Ya share gumi ya ce shi dabara ɗaya ta zo masa, mu nemi ɗan acaɓa.