Waiwaye: Yadda opera ta Italiya ta zama fagen gwada maƙogwaro

Lokacin da opera, wato wasan kwaikwayon da ake gabatarwa cikin waƙa, ta kunno kai a fadojin Italiya a farkon ƙarni na 17, labarin wasan ne a gaba, murya tana yi masa hidima. Al'amarin ya fara sauyawa a 1637, da aka buɗe San Cassiano a birnin Venice, gidan opera na farko da kowa zai biya kuɗin ƙofa ya shiga. Nan da nan masu gidajen wasa suka gane cewa jama'a gwanin mawaƙi suke zuwa ji, sai aka koma tsara waƙa kamar yadda tela ke ɗinka riga: a auna mai ita tukuna, sannan a yanka.

Zuwa ƙarshen ƙarnin, tsarin da ake kira da capo ya mamaye ko'ina, musamman ta hannun mai tsara kiɗa Alessandro Scarlatti a Naples. Mawaƙi zai rera kashi na farko, ya shiga na biyu mai wani yanayi daban, sannan ya dawo kan na farko. A wannan dawowar ake yin ta. Ba a yarda ya maimaita yadda ya yi ɗazu ba, dole ya ƙawata karin da adon da ya ƙirƙiro da kansa, alhali takardar da aka rubuta waƙar a kai ba ta gaya masa komai ba.

Ga kuma abin da takardar ta rubuta. Gaɓa ɗaya ta kalma za a ja ta cikin jerin sautuka masu gudu, kowanne ya fito tsaf, ba tare da an tsaya jan numfashi ba. Akwai tsalle daga ƙasan murya zuwa ƙololuwarta, kamar a "Agitata da due venti" ta mai tsara kiɗa Vivaldi, cikin wasan Griselda na 1735, inda murya ke kwaikwayon jirgin da iska biyu ke wasa da shi a teku. Mafi wuya, a ganina, shi ne messa di voce: ka kama sauti ɗaya a hankali kamar raɗa, ka buɗe shi har ya cika zaure, ka mai da shi raɗa, duk a numfashi guda, ba rawa ba gocewa. Wanda ke gudu yana iya ɓoye kuskure, a nan kuwa ba wurin ɓuya.

Su wa aka auna? Galibi mazan da aka dandaƙe tun suna yara, kafin murya ta fashe. Maƙogwaronsu ya tsaya ƙarami, ƙirji kuwa ya girma irin na ƙato, ga horo na shekara da shekaru. A Rum an hana mata hawa dandali, don haka kasuwarsu ta buɗe, iyaye matalauta da yawa suka miƙa 'ya'yansu, kuma ƙalilan ne suka yi suna. Fitaccensu shi ne Farinelli, almajirin Nicola Porpora, wanda ya bar dandali a 1737 ya tafi Madrid yana yi wa Sarkin Sifaniya Philip na Biyar waƙa. Mata ma ba a bar su a baya ba: a Landan, a 1727, magoya bayan mawaƙiya Francesca Cuzzoni da na takwararta Faustina Bordoni sun tarwatsa wasa da ihu, ga 'yar gidan sarauta a zaune.

Abin ya kai har ya gunduri wasu. A gabatarwar wasansa Alceste ta 1769, mai tsara kiɗa Gluck ya soki tsayar da wasa cak don mawaƙi ya nuna bajinta. Sannu a hankali aka jingine waɗannan waƙoƙi, kuma Alessandro Moreschi, na ƙarshe cikin dandaƙaƙƙun mawaƙan cocin fadar Fafaroma, ya rasu a 1922.

Da aka farfaɗo da wasannin Handel, mai tsara kiɗa na zamanin Farinelli, a Göttingen ta Jamus daga 1920, sai aka sauke karin jarumai ƙasa aka ba maza masu kaurin murya, gudun ya yi nauyi. Yau mata irin su Cecilia Bartoli ke ɗaukar nauyin, tare da mazan da suka horar da siririyar muryarsu, ko da yake su kan rasa ƙarfi a ƙasa. Masu fim ɗin Farinelli na 1994 sai da suka haɗa muryar namiji da ta mace a kwamfuta kafin su sami abin da za su sa a bakin jarumin.